Sunan da ke dokin ƙofa: yadda na bi asalin bodin wata tsohuwar Rolls-Royce

Motar baƙa ce mai ƙofa huɗu, babu gilashin da ya raba direba da mutanen baya, kuma a dokin kowace ƙofa akwai siririn faranti da aka zana sunan Gurney Nutting. Abin da aka nema a wurina shi ne in tabbatar ko wannan kamfani na unguwar Chelsea a Landan ne ya ƙera bodinta da gaske. Ban duba farantin nan da kyau ba sai a rana ta biyu, domin sukuru huɗu ne ke riƙe da shi, kuma duk wanda ke da sukudireba yana iya sauya shi kafin a sha shayi.

Dalilin da ya sa tambayar ta rabu biyu, ta bodi da ta casis (gindin ƙarfen da bodin ke zaune a kai), shi ne yadda ake sayar da waɗannan motoci tun asali. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Rolls-Royce ba ya ƙera bodi. Abin da ke fitowa daga masana'antarsa ta Derby shi ne casis da injin da giya da tayoyi da lagireto da bonet. Daga nan sai a kai wa maƙerin bodi, irin su Barker, Hooper, Park Ward, H.J. Mulliner, Thrupp & Maberly, James Young ko Freestone & Webb, ya kafa ƙashin katako ya lulluɓe shi da alminiyam yadda mai saye ya zaɓa. Wasu daga cikinsu da keken doki suka fara, Barker ma tun 1710 yake wannan sana'a. Sai a 1946, da Bentley Mark VI, kamfanin ya fara sayar da mota da bodin ƙarfe iri ɗaya. Saboda haka kowace mota ta wancan zamani tana da iyaye biyu da lambobi biyu, kuma ba dole ba ne waɗanda ke tare yau su ne aka haɗa a ranar farko.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, ƙaramin madubi mai sanda, maganaɗisu da aka naɗe cikin ƙyalle don kada ya karce fenti, tef na awo, kananzir da burushi mai laushi, takarda da fensir, sai sukudirebobi da bakinsu ya dace da tsagar tsoffin sukurori daidai. Kada a kawo burushin waya ko takardar goge ƙarfe kusa da lamba. Alamun da ake nema a gefen lambar su ne farkon abin da za su share.

Na fara da casis. Da aka ɗaga bonet, farantin kamfani yana nan a bangon da ya raba injin da ɗakin zama. Lambar ta fara da haruffa uku, na farkonsu G, sannan alƙaluma biyu. Wannan G ɗin ya riga ya fitar da manyan motoci daga lissafi, domin ita ce alamar ƙananan Rolls-Royce na lokacin: Twenty ta 1922 zuwa 1929, 20/25 ta 1929 zuwa 1936, da 25/30 da ta biyo baya. A Phantom II alƙaluma ne ke gaba, haruffa a baya. Lambar Phantom III da 3 take farawa. Ta Bentley ɗin Derby kuwa, wadda aka fara a 1933 bayan Rolls-Royce ya sayi Bentley a 1931, da B take farawa, alƙaluma a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe. Wani abin lura shi ne kamfanin yakan tsallake lamba 13 a jerinsa, don haka wanda ya ga 13 a kan faranti ya sake zama.

Shi ma wannan farantin ana iya cire shi, shi ya sa na auna motar da abin da lambar ke faɗi. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya inci 132 ne, wanda ya dace da 20/25, in ban da na farko-farko masu inci 129. Bentley 3½ Litre inci 126 ce, Phantom II kuwa 144 ko 150. A auna ɓangarorin biyu. Idan hagu da dama sun saɓa, ko dai motar ta taɓa haɗari ko an taɓa yanka casis ɗin. Injin mai silinda shida ne a jere, da kafireto ɗaya ƙirar kamfanin, da gwangwanin Autovac a jikin bango wanda ke tsotso mai daga tanki, da maganeto na ko-ta-kwana. Waɗannan uku sun raba ta da 25/30, wadda ta zo da kafireton Stromberg da famfon mai na lantarki. Ƙyamaren gaban lagireto a tsaye suke, ba a kwance ba kamar na yawancin Twenty, kuma haruffan RR baƙaƙe ne. Jan tambari ya koma baƙi a 1933. Mutane na danganta hakan da rasuwar Henry Royce, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin, a shekarar, amma an riga an yanke shawarar kafin ya rasu, saboda ja ba ya shiga da launin wasu motoci. Ban ɗora nauyi a kan tambarin ba, tunda ana sauya shi kamar hula. Na dai rubuta lambar injin, wadda tsarinta daban yake da na casis, bayan na wanke wurin da kananzir na haska tocila daga gefe. Hasken gefe shi ke tona lambar da aka sake bugawa: za ka ga wurin ya ɗan lotsa inda aka goge tsohuwar, ko alƙaluma sun fi sauran na motar kaifi. Ta asali da hannu aka buga ta, harafi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ɗan karkace a layi ba laifi ba ne. Wadda ta miƙe sak kamar an ja ta da rula ita ce abar tuhuma. Wannan dai lafiya lau take.

Da lambar casis a hannu na nemi kwafin katin kamfani, wato katin da aka rubuta bayanan motar lokacin da aka ƙera ta. A lokacin, takardun ƙira na motocin Derby suna ajiye a Hunt House da ke ƙauyen Paulerspury a Northamptonshire, mazaunin ƙungiyar masu Rolls-Royce da gidauniyar tunawa da Sir Henry Royce. Ana biyan kuɗi, a ba da lambar casis, a turo kwafi. Kafin ya iso na koma kan bodin, kuma da gangan na yi haka, don kada abin da kati ya ce ya rufe mini ido.

Maganaɗisu na fara bi da shi. Ƙofofi da rufi da gefen baya ba su kama ba, alminiyam ne. Rufin tayoyi ya kama, ƙarfe ne, kuma haɗa biyun abu ne da aka saba yi. Inda maganaɗisu ke kamawa a kan ƙarfe sannan ya saki a wani wuri, bodi-fila ce a ƙarƙashi. Ta cikin but, da madubi, ana ganin layin waldar gas inda aka haɗa fallayen alminiyam, an daddake shi da guduma ya kwanta. Wannan aikin tsoffin hannu ne. Waldar zamani tana barin ƙulle-ƙulle masu kama da juna. Ƙashin bodin katakon ash ne, ya yi duhu, an haɗa gaɓoɓinsa da sukurori masu tsaga ɗaya da ƙarafunan kusurwa da aka ƙera da hannu. Sukuru mai kan gicciye a motar Ingila ta farkon shekarun 1930 alamar gyaran baya ne, haka noti mai awon mita a inda ya kamata a sami zaren Ingila na Whitworth ko BSF. Gyara ba aibi ba ne a motar da ta haura shekara tamanin. Abin da ake so a sani shi ne ko gyara ne a kan tsohon ƙashi, ko kuwa sabon ƙashi ne gaba ɗaya. A nan sabon katako yana ƙasan ginshiƙan ƙofa kawai, inda ruwa ke kwanciya ya ruɓar da shi, sauran duk tsoho ne. Ke nan bodin na zamaninsa ne, ba kwaikwayo ba.

Tsarin ƙashin ma yana rage sunayen da za a zarga. Da a ce bodin ƙyalle ne mai kama da fata aka ja a kan katakon da gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, an haɗa su da ƙarafuna, da tsarin Weymann ne na shekarun 1920, wanda kamfanoni da yawa suka yi da lasisi. Da ƙashin na ƙarfe ne zalla, da hankali ya koma kan Park Ward daga 1936. Wannan ba ɗaya daga ciki.

Sai neman lambar bodi, wanda shi ne zuciyar aikin kuma shi ya fi cin lokaci. Dalilin samuwar lambar mai sauƙi ne. Kowace ƙofa da hannu aka fiƙe ta ta shiga gurbinta a mota ɗaya tak, ba za ta shiga wata ba ko da ƙirarsu ɗaya. Idan aka kwance sassa za a kai wajen masu fenti, masu ɗinkin kujera, masu goge katako da masu shafa kurom, dole a sa wa kowane lamba don ya dawo gidansu. Ma'aikacin da ya rubuta ta ba don mai saye ya yi ba, don kansa ya yi, shi ya sa take a ɓoye, kuma shi ya sa masu jabu ba su cika kai wa gare ta ba. Na ɗaga kafet da katakan daɓe, na fitar da kushin ɗin baya, na kwance katakon ado na saman ƙofa ɗaya. Wannan na ƙarshe yana son haƙuri: a fara cire hannun ɗaga gilashi, a share tsagar kowane sukuru da tsinke, a danna sosai kafin a juya. Sukurun tagulla da ya shekara tamanin a cikin katako kansa yana tsinkewa nan da nan, kuma idan sukudireba ta zame, fuskar katakon ado ce za ta sha.

Lamba mai alƙaluma huɗu ta fito a wuri biyar: an buga ta a ƙarƙashin katakon daɓe biyu, a katakon kujerar baya, a maratayar ƙofar gaba, sannan an rubuta ta da shuɗin alli a bayan katakon adon ƙofa. Duk iri ɗaya. Na ɗora takarda a kan waɗanda aka buga na goga fensir, domin hoto ba ya nuna zurfi da girman alƙalami yadda wannan ke nunawa. Ma'anar dacewarsu ita ce ƙofofi da kujeru da daɓe 'yan gida ɗaya ne, ba a tattaro su daga motoci daban-daban ba.

A bayan katakon adon kuma akwai wani rubutu da fensir, ya kusa ɓacewa: haruffa uku da suka fara da G, da alƙaluma biyu. Lambar casis ce, amma ba ta motar da ke gabana ba.

Sai a lokacin na koma kan farantin dokin ƙofa. Sukurorinsa tsoffi ne, an yi dabara. Amma da na ɗaga shi, a ƙarƙashi akwai wasu ramuka huɗu da aka toshe, tazararsu ta fi ta farantin yanzu da kusan rabin inci, kuma inuwar wani faranti mafi tsawo tana nan a jikin katakon, inda rana da takalmi ba su taɓa ba. Fuskar farantin kuwa ba ta ci ba, alhali matakin hawa da ke dab da ita ya suɗe. Ba abin mamaki ba ne a zaɓi wannan suna. Gurney Nutting, da mai zanensu A.F. McNeil, su suka yi wasu daga cikin bodin da suka fi kyau a farkon shekarun 1930, kuma sunansu na ɗaga kuɗin mota a wajen gwanjo. Ba wanda ke wahalar liƙa sunan da ba ya ƙara komai.

A nan zan ɗan ratse, domin kuskuren suna ba kullum yake zama ha'inci ba. Mulliner kaɗai kamfani uku ne: H.J. Mulliner na Chiswick a Landan, Arthur Mulliner na Northampton, da Mulliners na Birmingham. Takarda takan ce Mulliner kawai, mai sayarwa kuma ya ɗauki wanda ya fi tsada. Vanden Plas na Kingsbury daban yake da na Beljiyam inda sunan ya samo asali. Hooper ya haɗiye Barker a 1938. Park Ward ya zama na Rolls-Royce gaba ɗaya a 1939, H.J. Mulliner a 1959, aka haɗe su a 1961, saboda haka farantin da ya haɗa sunayen biyu ba shi da abin yi a motar kafin yaƙi. A Amurka ma akwai irin wannan: sunan LaGrande a jikin Duesenberg suna ne na kamfanin motar kansa, wasu maƙera ne daban suke yin aikin. Wani lokaci kuma farantin na dillalin da ya sayar da motar ne, ba na wanda ya ƙera ba.

Game da gane maƙeri da ido, ra'ayina shi ne a yi amfani da shi don rage zato kawai. Gaskiya ne kowane gida yana da hannunsa: yadda layin kugu ke sauka a baya, siffar hannun ƙofa, kaurin ginshiƙin gilashin gaba, yadda aka lanƙwasa rufin taya. Amma suna kwaikwayon juna duk shekara bayan baje kolin motoci na Olympia a Landan, masu zane suna sauya wurin aiki, kuma hannayen ƙofa da fitilu da makullai daga masu kaya ɗaya yawancinsu ke saye. Wanda ya ce ya gane maƙeri daga hoto ɗaya, a tambaye shi lambar bodi.

Da kati ya iso, lambar injin ta dace da wadda na karanta, shekarar kuma 1934. Casis da injin ba su taɓa rabuwa ba. Amma katin ya ce Hooper aka kai wa, don a yi limozin mai ɗaukar mutum bakwai. Abubuwa biyu a katin sun fi sunan maƙerin amfani. Na ɗaya, kamfanin yakan rubuta nauyin bodin da ake sa rai da yawan mutane da kaya, domin da wannan yake zaɓar ƙarfin sifirin. Na biyu, yakan rubuta karkatar sandar sitiyari da harafi. A limozin direba yana zaune a miƙe, an matso da shi gaba don a bar wa masu gida fili, don haka sandar a tsaye-tsaye take. A motar da mai ita zai tuƙa da kansa, an fi kwantar da ita.

Na shiga ƙarƙashin motar da wannan a raina, komai kuma ya fito fili. Sifirin ɗin baya na ɗaukar nauyi ne, shi ya sa bayan motar ya ɗaga sama da yadda ya kamata, tazarar taya da rufinta ta yi yawa, kuma take dukan baya a kan gargada: an ɗora bodi mara nauyi a kan sifirin ɗin mutum bakwai. A gindin sandar sitiyari an cusa wani ƙarfe mai siffar gatari don a kwantar da ita, ramin da take bi a bango kuma an faɗaɗa shi da zarto. A jikin casis akwai ramuka shida da babu komai a cikinsu, tsatsar bakinsu tsohuwa, yayin da maɗauran bodin na yanzu suke zaune a sababbin ramuka da guntayen katako a ƙarƙashi don a daidaita tsayi. Inda bonet ya haɗu da bodi, tazarar ta fi faɗi a ƙasa fiye da sama. Maƙerin da ya gina bodi a kan casis ɗinsa ba ya barin wannan.

Irin wannan sauyi ya yi yawa ƙwarai. Casis ɗin Rolls-Royce ya fi bodin katako tsawon rai. Tun a ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Southern Motor da ke Clapham yake sayen tsoffin casis yana ɗora musu bodin yayi. An mai da limozin da yawa motocin ɗaukar gawa, daga baya masu sha'awa suka sake cire wannan suka nemo wani bodin. Bentley na shekarun 1920 masu rufi kuwa da dama sun koma buɗaɗɗu irin na tseren Le Mans, saboda su kasuwa ke so.

Saura lambar fensir. Na nemi katinta ita ma. Ita ma 20/25 ce, 'yan watanni ne tsakaninsu, tazarar tayoyi ɗaya, an kai ta wa Thrupp & Maberly na Cricklewood don a yi mata bodi mai ƙofa huɗu wanda mai ita zai tuƙa, da sandar sitiyari a kwance. Na gwada tazarar ramukan da aka toshe da farantin wata motar Thrupp & Maberly ta shekarar wadda tarihinta bai yanke ba, suka hau daidai, tsawon inuwar ma haka. Lambar bodin waccan motar tana kusa da tamu a jeri, kuma an buga ta a wurare iri ɗaya da alƙaluma masu girma ɗaya. Wannan gwaji na ƙarshe yana da muhimmanci, domin rubutun fensir shi kaɗai yana iya zama na katakon ado da aka aro daga wata mota. Da lamba mai alƙaluma huɗu ba ta bayan wannan katakon tare da shi, da ban amince da shi ba.

A rahoton na rubuta ta kamar haka: Rolls-Royce 20/25 ta 1934, casis da injin na asali, an fara yi mata limozin na Hooper, yanzu tana ɗauke da bodin Thrupp & Maberly na zamaninta wanda aka ɗauko daga wani casis, tare da lambobin biyu da kwafin katunan biyu da takardun da aka goga da fensir. Farantan Gurney Nutting huɗu an cire su an sa a ambulan cikin fayil ɗin motar, an rubuta inda aka same su. Na kuma ba da shawarar a auna nauyin da ke kan tayoyin baya, a sake yin sifirin daidai da wanda kati na biyu ya ambata, sannan a sauya guntayen katakon da ke ƙarƙashin maɗaurai, domin biyu daga ciki sun fara rubewa kuma ƙofar baya ta hagu ta soma sauka.